Kwana 40 a Cikin Ɗamarun Van Allen: Nazarin Abin da Kumbuna Biyu Suka Gani a 2012

A ranar 30 ga watan Agusta na shekarar 2012, wata roka ƙirar Atlas V ta tashi daga Cape Canaveral da ke jihar Fulorida ta Amurka, ɗauke da kumbuna biyu masu kama ɗaya, waɗanda cibiyar bincike ta APL da ke ƙarƙashin Jami'ar Johns Hopkins ta ƙera wa hukumar NASA. Galibin taurarin ɗan'adam, in dai da hali, akan tsara musu hanya ne yadda za su kauce wa yankin sararin samaniya da ke cike da ƙwayoyi masu lahani, ko kuwa a kashe na'urorinsu masu rauni idan za su ratsa shi. Waɗannan biyun kuwa an aika su ne takanas domin su zauna a cikin yankin, su riƙa ratsa shi sau da dama a kowace rana, suna ƙirga abin da ke cikinsa. Sunansu na farko RBSP (gajeren Radiation Belt Storm Probes), amma a watan Nuwamba na wannan shekara aka sauya musu suna zuwa Kumbunan Van Allen, domin girmama James Van Allen, masanin da ya fara gano yankin, wato ɗamarun ƙwayoyi da suka kewaye Duniya.

Wannan nazari ya taƙaita ne a kan kwana 40 na farkon aikinsu, daga ranar tashi zuwa 9 ga Oktoba. A cikin wannan ɗan lokaci wata sabuwar ɗamara ta bayyana, ta zauna makonni huɗu, ta ɓace, sannan yankin da ya zama wayam ya sake cika cikin ƙasa da yini guda. Abin da ya sa lamarin ya cancanci a tsaya a kansa shi ne, ya nuna a fili yadda masana ke bi su raba abin da na'ura ta ƙirga da abin da ya faru a zahiri, domin waɗannan biyun ba ko da yaushe suke zama abu ɗaya ba.

Yankin da ake magana a kansa

Duniya tana da filin maganaɗisu wanda ke tasowa daga narkakken ƙarfen da ke motsi a can cikinta, kuma wannan fili ya miƙa dubban kilomita zuwa sararin samaniya. Daga Rana kuma akwai wata iska ta ƙwayoyi masu cajin lantarki da ke kwarara ba dare ba rana, da gudun da yakan kai kilomita 400 a daƙiƙa guda ko fiye, tana matse filin ta ɓangaren da ke fuskantar Rana, tana jan sa ya yi tsawo ta ɓangaren dare. Duk yankin da filin Duniya ke da iko a kansa shi ake kira magnetosfiya, kuma iyakarsa ta gefen Rana takan kasance a nisan da ya ninka kusan sau 10 tazarar da ke tsakanin cibiyar Duniya da doronta, wadda ita kuma kilomita 6,371 ce. Masana suna auna wuri a wannan yanki da lambar L, wadda Carl McIlwain ya ƙirƙiro a 1961. Idan aka ce L ɗin wani wuri 4 ne, ana nufin layin maganaɗisun da ya bi ta wurin yana ratsa tsakiyar Duniya, wato saman ikwaita, a nisan da ya ninka waccan tazara sau huɗu.

A sashen ciki na magnetosfiya akwai jama'u uku na ƙwayoyi da ke zaune a wuri ɗaya amma halinsu ya sha bamban. Akwai filazma (iskar ƙwayoyi masu cajin lantarki) mai sanyi da yawa, wadda ke tasowa daga saman iskar Duniya tana juyawa tare da ita, wadda Don Carpenter ya gano iyakarta a farkon shekarun 1960 ta hanyar sauraron igiyoyin rediyo da walƙiya ke haifarwa, yayin da Konstantin Gringauz na Tarayyar Sobiyet ya ga alamarta ta na'urorin kumbunan Luna. Akwai ƙwayoyi masu matsakaicin kuzari da ke zagaya Duniya suna haifar da zoben lantarki, wanda yakan ƙarfafa lokacin guguwar maganaɗisu (hargitsin da iskar Rana ke jawo wa filin Duniya) har ya rage ƙarfin filin da ake aunawa a doron ƙasa. Na uku su ne ƙwayoyi masu tsananin kuzari na ɗamarun Van Allen: ɗamarar ciki, wadda furoton suka fi yawa a cikinta kuma ba ta cika canjawa ba, da ɗamarar waje ta elektiron, wadda ba ta da zama lafiya ko kaɗan, sannan a tsakaninsu akwai wani giɓi da kusan babu kowa a cikinsa. Ana auna kuzarin waɗannan ƙwayoyi da ma'aunin MeV, kuma elektiron mai MeV 2 yana gudu ne da kusan kashi 98 cikin 100 na saurin haske.

Kowane elektiron da filin ya kama yana yin motsi iri uku a lokaci guda. Yana kewaya layin maganaɗisu dubban sau a daƙiƙa, yana kai da komo tsakanin arewa da kudu a cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, kuma yana zagaya Duniya baki ɗaya ta gabas cikin 'yan mintuna. Duk wata igiya ta lantarki da maganaɗisu da bugunta ya dace da ɗaya daga cikin waɗannan motsi uku tana iya ƙara masa kuzari, ko ta karkatar da shi ya faɗa cikin iskar Duniya ya ƙare. Kusan dukan ilimin wannan fanni yana komawa ne ga wannan dacewa.

Tun farkon gano ɗamarun aka ci karo da matsalar fassara abin da na'ura ta faɗa. Kumbon Explorer 1, wanda aka harba a ƙarshen Janairun 1958, yana ɗauke da na'urar ƙirga ta Geiger da James Van Allen na Jami'ar Iowa da ɗalibansa suka haɗa, kuma idan kumbon ya yi nisa sai na'urar ta nuna sifili. Sai da Explorer 3 ya biyo baya a watan Maris da na'urar naɗar bayanai sannan aka fahimci cewa ƙwayoyin ne suka yi yawa har suka toshe na'urar, ta kasa ƙirgawa.

Tambayar da ta ƙi amsuwa

Shekaru sama da 50 bayan haka, babbar tambayar fannin tana nan ba a warware ta ba, wato daga ina elektiron na ɗamarar waje ke samun wannan kuzari, kuma me ke kwashe su. A 2003 Geoff Reeves na cibiyar Los Alamos da abokan aikinsa sun duba guguwar maganaɗisu guda 276 da suka auku tsakanin 1989 da 2000, suka tarar kashi 53 cikin 100 sun ƙara yawan elektiron masu tsananin kuzari, kashi 19 sun rage su, kashi 28 kuma sun bar su kusan yadda suke. Wannan sakamako ya rushe tunanin da ake da shi cewa guguwa mai ƙarfi ita ce ke cika ɗamara. Abin da ya nuna shi ne, a kowace guguwa akwai hanyoyin da ke ƙarawa da hanyoyin da ke kwashewa suna aiki tare, kuma abin da aka gani a ƙarshe ragowar ja-in-jar da ke tsakaninsu ce kawai.

Game da ƙarin kuzari, ra'ayi biyu ne suka yi fice. Tsohon ra'ayi, wanda ya kafu tun shekarun 1960, ya ce ƙwayoyin daga waje suke zuwa: igiyoyi masu jinkirin bugu suna tura su sannu a hankali zuwa kusa da Duniya, inda filin ya fi ƙarfi, kuma wannan turawa ita ke ƙara musu kuzari. Sabon ra'ayi, wanda Richard Thorne na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles da Richard Horne da Danny Summers suka ƙarfafa daga 1998, ya ce a nan cikin tsakiyar ɗamarar ake ba su kuzarin, ta hanyar wasu igiyoyi masu saurin bugu da ake kira korus, waɗanda idan aka mayar da su sauti sukan yi kama da kukan tsuntsaye da asuba.

Dalilin da ya hana a raba gardamar ba ƙarancin basira ba ne, ƙarancin ma'auni ne. Kumbo ɗaya yana wuri ɗaya ne a lokaci ɗaya, kuma yana tafiya. Halinsa tamkar na matafiyi ne a damina wanda ruwa ya same shi a hanya: ba zai iya cewa yanzu ne ruwan ya sauko ba, ko kuwa tun ɗazu ake yin sa a wannan gari shi ne bai iso ba sai yanzu. Kumbon CRRES, wanda ya ga sabuwar ɗamara ta kafu cikin 'yan mintuna a ranar 24 ga Maris, 1991, shi kaɗai ne, kuma ya daina aiki a watan Oktoba na wannan shekara. Taurarin da ke tsaye a nisan kilomita 35,786, irin su taurarin hasashen yanayi na GOES, suna gefen ɗamarar ne, ba sa ganin tsakiyarta. Kumbon SAMPEX kuma, wanda ya yi aiki tun 1992, yana can ƙasa kusa da Duniya, yana ganin ƙwayoyin da suka gangaro ne kawai.

An tsara Kumbunan Van Allen ne domin toshe waɗannan giɓoɓi. Hanyarsu doguwa ce mai siffar ƙwai, tana saukowa zuwa kusan kilomita 600 daga doron ƙasa, tana hawa zuwa kusan kilomita 30,000, kusa da saman ikwaita inda kusan dukan ƙwayoyin da filin ya kama sai sun ratsa, kuma zagaye ɗaya yana ɗaukar kusan awa 9. An bambanta hanyoyin biyu kaɗan domin ɗaya ya riƙa cim ma ɗayan yana wuce shi, ta yadda tazarar da ke tsakaninsu za ta riƙa canjawa daga kusa ƙwarai zuwa nesa ƙwarai. Kowane kumbo yana ɗauke da na'urori iri ɗaya. HOPE tana ƙirga ƙwayoyi masu ƙarancin kuzari, MagEIS tana amfani da maganaɗisu ta lanƙwasa hanyar elektiron ta rarrabe su, REPT kuma tana kama mafi kuzari da jerin faya-fayan silikon da aka lulluɓe da garkuwa mai kauri. EMFISIS ta Jami'ar Iowa tana auna filin maganaɗisu da igiyoyi, EFW ta Jami'ar Minnesota kuma tana auna filin lantarki da wayoyi da suka miƙa mita 100 daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Muhimmin abu a nan shi ne, ana auna igiya da ƙwayar da igiyar ke taɓawa a wuri ɗaya kuma a lokaci ɗaya.

Satumba: ɗamara ta uku

A tsarin farko, REPT ba za a kunna ta ba sai bayan kusan wata guda da tashi. Daniel Baker na Jami'ar Colorado da ke Boulder, wanda tawagarsa ta ƙera na'urar, ya nemi a gaggauta, saboda SAMPEX yana dab da faɗowa kuma yana son na'urorin biyu su yi aiki tare na ɗan lokaci domin a gwada ma'aunin wannan da na wancan. An amince, aka kunna REPT a ranar 1 ga Satumba, SAMPEX kuma ya faɗo a watan Nuwamba. Wannan shawara ta mai kula da ingancin ma'auni ce, ba ta mai neman abin mamaki ba, amma ba don ita ba da an rasa ganin yadda lamarin ya fara.

Kwana ɗaya kafin nan, a ranar 31 ga Agusta, wani dogon zaren filazma ya ɓalle daga fuskar Rana ya watso cikin sarari. Lokacin da aka kunna REPT, ta tarar da ɗamarar waje a cike. Da tasirin fashewar ya iso a kwanakin farko na Satumba, sai sashen waje na ɗamarar ya kwashe kusan gaba ɗaya, amma wani siririn zobe na elektiron masu kuzari sama da MeV 2 ya rage a tsakanin L 3 da 3.5, wato a nisan kusan kilomita 13,000 zuwa 16,000 daga doron ƙasa a saman ikwaita. A kwanakin da suka biyo baya ɗamarar waje ta sake ginuwa can nesa, aka bar wani sabon giɓi tsakaninta da zoben. Maimakon ɗamara biyu da giɓi ɗaya da ke cikin kowane littafin karatu, sai ga ɗamara uku da giɓi biyu.

Abu na farko da tawagar ta yi shi ne zargin na'urarta, kuma hakan shi ne daidai, domin na'urar da aka kunna kwana biyu bayan harbawa ba a riga an san halinta a sarari ba. A nan amfanin kumbo biyu ya fara bayyana. Na'urori biyu dabam, a kan kumbuna biyu da ke ratsa wurin a lokuta dabam-dabam, suna nuna zobe ɗaya a wuri ɗaya, zagaye bayan zagaye. Zoben ya zauna kusan makonni huɗu yana raguwa a hankali ƙwarai, har sai da wani sabon bugu mai ƙarfi daga iskar Rana ya iso a ranar 1 ga Oktoba ya share shi tare da ragowar ɗamarar waje. Baker da abokan aikinsa sun wallafa bayanin a mujallar Science a ƙarshen Fabrairun 2013.

Ganin abu dabam, bayyana dalilinsa dabam, kuma a nan aikin lissafi a kwamfuta ya shigo. Tambayar da ta fi sauƙi ita ce me ya sa zoben ya daɗe. Thorne da tawagarsa sun nuna cewa bayan guguwar, filazma mai sanyi ta faɗaɗa ta lulluɓe wurin da zoben yake. A cikin wannan filazma igiyoyin korus ba sa samuwa, sai wasu igiyoyi masu sauti kamar huci, kuma waɗannan suna saurin kwashe elektiron masu matsakaicin kuzari amma suna jinkiri ƙwarai a kan masu tsananin kuzari. Da aka zuba ƙarfin igiyoyin da EMFISIS ta auna cikin lissafin, saurin raguwar da ya fito ya dace da wanda REPT ta ƙirga.

Tambayar da ta fi wuya ita ce me ya kwashe sashen waje tun farko, ya yanke shi da kaifi haka. Yuri Shprits, wanda a lokacin yake Los Angeles kafin ya koma Potsdam ta Jamus, ya kawo bayani a 2013 cewa wasu igiyoyi da furoton na zoben lantarki ke haifarwa, waɗanda ake taƙaita sunansu da EMIC, su ne ke zaɓar elektiron mafi kuzari su jefa su cikin iskar Duniya. Ian Mann na Jami'ar Alberta ta Kanada ya fito a 2016 da wani bayani na dabam, wanda ya gina a kan ma'aunin na'urorin maganaɗisu da ke doron ƙasa. A cewarsa, bugun iskar Rana ya matso da iyakar magnetosfiya ciki, ƙwayoyin da ke zagayawa a can waje suka ci karo da iyakar suka fice, sannan igiyoyi masu jinkirin bugu suka yi ta kwaso na ciki suna kai su bakin iyakar cikin sauri, har aka kwashe komai sai zoben. Ɓangarorin biyu sun yi musayar martani a rubuce. A ganina wannan gardama ba aibi ba ce ga aikin, illa dai ta fallasa iyakarsa: kumbo biyu da ke ɗaukar awa 9 kafin su kammala zagaye suna iya rasa abin da ya faru cikin awa ɗaya ko biyu a wani ɓangare na dabam, musamman igiyoyin EMIC da kan taso a ƙaramin wuri su lafa da wuri.

Oktoba: inda kuzarin ke fitowa

Sharewar da aka yi a ranar 1 ga Oktoba ta zama alheri ga bincike, domin ta bar ɗamarar waje kusan babu komai, ta yadda duk abin da ya bayyana bayan nan ba za a ruɗa shi da ragowar tsohon ba. Mako guda bayan haka, a ranakun 8 da 9 ga Oktoba, wata guguwa ta iso. Ma'aunin Dst na ƙarfin guguwa, wanda ake haɗawa a Kyoto ta Japan daga tashoshi huɗu da ke Hermanus a Afirka ta Kudu, Kakioka a Japan, Honolulu, da San Juan, ya sauka zuwa wajen -100, wato guguwa ce mai ƙarfi amma ba ta cikin manyan da tarihi ke tunawa. Duk da haka yawan elektiron masu tsananin kuzari ya ninka kusan sau 1,000 cikin ƙasa da awa 12.

Ɗanyen ƙirgen na'ura ba zai iya raba gardamar ra'ayoyin biyu ba, kuma dalilin yana da muhimmanci. Lokacin guguwa, zoben lantarki yana raunana filin maganaɗisu, sai ƙwayoyin su ja baya su rage kuzari, idan filin ya dawo su ma su dawo yadda suke. Na'urar da ke ƙirga ƙwayoyi masu wani ƙayyadadden kuzari a wani ƙayyadadden wuri za ta ga kamar sun ɓace sannan sun dawo, alhali babu wanda ya tafi ko'ina. Domin kauce wa wannan ruɗu, masana suna juya ƙirgen zuwa wani tataccen ma'aunin cunkoso, wanda ke tara elektiron bisa ga siffofi uku na motsinsu da ba sa canjawa muddin filin a hankali yake sauyawa. Wannan juyi yana buƙatar a san kuzarin kowace ƙwaya, da kusurwar da take yi da layin maganaɗisu, da ƙarfin filin a wurin, da kuma taswirar lissafi ta siffar filin a kewayen Duniya baki ɗaya. Ita wannan taswira ita ce mafi raunin sashe na aikin, shi ya sa ake gwada fiye da ɗaya a ga ko sakamakon zai tsaya.

A wannan tataccen ma'auni, ra'ayoyin biyu suna hasashen abu biyu da ba za su haɗu ba. Idan daga waje ake turo ƙwayoyin, dole cunkoson ya fi yawa a waje ya riƙa raguwa yayin da ake matsowa ciki, domin yaɗuwa daga inda abu ya fi yawa take tafiya zuwa inda ya fi ƙaranci. Idan kuwa a cikin ɗamarar ake ba su kuzari, za a ga tudu ya taso a tsakiya, yana ƙaruwa da lokaci, alhali ciki da wajensa duka suna ƙasa da shi. Kumbunan biyu sun ratsa yankin ɗaya bayan ɗaya a daren da abin ke faruwa, kuma a kowace ratsawa tudun yana nan a wajen L 4, yana ƙara tsawo. Da aka haɗa da ma'aunin taurarin da ke can nesa, aka tabbatar babu wani tarin ƙwayoyi a waje da ya isa ya zama tushensa. Reeves da abokan aikinsa sun wallafa wannan a mujallar Science a watan Yulin 2013.

Wannan ya nuna inda abin ya faru, bai nuna abin da ya haddasa shi ba. Sauran aikin ya fito a mujallar Nature a watan Disamba na wannan shekara, daga Thorne da tawagarsa, kuma dabarar da suka bi ita ce ta fi burge ni a cikin dukan lamarin. Kumbunan biyu suna auna korus ne a inda suke kawai, alhali elektiron yana zagaya Duniya cikin mintuna yana haɗuwa da igiyoyi a ko'ina. Sai Wen Li da abokan aikinta suka koma ga taurarin hasashen yanayi na POES, waɗanda ke zagayawa ƙasa-ƙasa ta kan ƙarshen arewa da na kudu na Duniya, suna ɗauke da ƙananan na'urori masu ƙirga elektiron da ke faɗowa. Tun da korus ne ke jefo waɗannan elektiron, yawan faɗowarsu a kowane ɓangare yana nuna ƙarfin igiyar a can sama. Da haka aka zana taswirar korus ta kewayen Duniya awa bayan awa, aka haɗa ta da wani abu da EMFISIS ta gano, wato cewa filazma mai sanyi ta yi ƙaranci ƙwarai a wurin a wannan dare, yanayin da ke sa korus ya fi iya ƙara wa elektiron kuzari. Lissafin ya fitar da lokacin ƙaruwar, da yadda ta fara daga masu ƙarancin kuzari ta haura zuwa masu yawa, da kusurwoyin ƙwayoyin, duk daidai da abin da aka auna.

Ya kamata a faɗa a sarari cewa wannan bai kashe tsohon ra'ayi ba. A wasu guguwowin da kumbunan suka gani daga baya, turawa daga waje ce ta fi rinjaye, kuma ko a inda korus ya gina tudu, igiyoyi masu jinkirin bugu ne ke rarraba shi ciki da waje a kwanakin da ke biyowa. Abin da guguwar Oktoba ta tabbatar shi ne cewa tsakiyar ɗamarar tana iya ƙera ƙwayoyinta da kanta, kuma cikin sa'o'i.

Abin da ya biyo baya

Giɓin da ya bayyana a gardamar Satumba, wato rashin sanin adadin da ya faɗa cikin iskar Duniya, shi ne aka yi ƙoƙarin cikewa da shirin BARREL na Robyn Millan ta Kwalejin Dartmouth. A farkon 2013 da kuma farkon 2014 an saki balan-balan guda 20 a kowane zango daga tashoshin Halley da SANAE a Antatika, suna shawagi can sama suna auna hasken eksire da elektiron ke fitarwa idan sun bugi iska, a daidai lokacin da kumbunan ke auna igiyoyi a kan layukan maganaɗisu da suka sauko yankin.

Wannan bincike yana da alaƙa kai tsaye da kayan da mutane ke dogaro da su. Elektiron masu tsananin kuzari suna huda jikin tauraron ɗan'adam su taru a cikin wayoyi da allunan lantarkinsa, har cajin ya yi yawa ya fashe kamar ƙaramar walƙiya. Irin wannan ne ya sami taurarin sadarwa na Kanada, Anik E1 da E2, a ranar 20 ga Janairun 1994. Taurarin GPS da ke nisan kilomita 20,200 suna ratsa tsakiyar ɗamarar waje ne, kusa da inda tudun Oktoba ya taso, taurarin sadarwa da ke tsaye a saman ikwaita kuma, ciki har da NigComSat-1R na Najeriya da aka harba a Disambar 2011, suna gefenta na waje. Injiniyan da ke yanke shawarar kaurin garkuwar da zai sa wa irin waɗannan taurari yana dogara ne da taswirorin da ake sabuntawa da irin wannan ma'auni.

An tsara kumbunan su yi shekara biyu, suka yi bakwai. A farkon 2019 aka yi amfani da ragowar mansu aka sauko da hanyarsu domin su ƙone a iskar Duniya daga baya maimakon su zama tarkace, aka kashe kumbo na biyu a watan Yuli, na farko kuma a watan Oktoba. Tun daga lokacin, kumbon Arase na Japan, wanda aka harba a Disambar 2016, shi ne babban mai ratsa tsakiyar ɗamarun da cikakkun na'urorin igiya da ƙwayoyi, kuma shi kaɗai ne ba shi da abokin tafiya. Wannan rashi abin damuwa ne, domin shekarun Kumbunan Van Allen sun faɗo ne a zangon da Rana ba ta yi zafin fashewa sosai ba. Da babbar guguwar watan Mayun 2024 ta zo, mafi ƙarfi cikin shekaru 20, wani ɗan ƙaramin tauraro ne mai suna CIRBE, na tawagar Xinlin Li a Jami'ar Colorado, ya gano cewa sababbin ɗamaru biyu sun kafu tsakanin na asali, ɗaya ta elektiron wadda ta wuce wata uku, ɗaya kuma mai ɗauke da furoton. Shi ma tauraron ya sami matsala ya yi shiru tun kafin guguwar, bai dawo aiki ba sai a watan Yuni, don haka ɗamarun ya tarar a kafe, bai ga yadda suka kafu ba.